Idan Duniya Ta Rushe, Wa Zai Koyar da Yara?

*Jawabin da kwamitin karatu da ɗakunan littattafai na reshenmu ya gabatar a taron ƙarshen zango. An buga shi ɗungurungum saboda 'yan'uwan da ba su samu halarta ba, da kuma iyalanmu.*



An ɗora wa wannan kwamiti nauyin duba wani irin ƙagaggen labari da ya shiga hannun ɗalibanmu na sakandare, wasu ta littafi, mafi yawa ta waya da fina-finan fassara. Labarai ne da ke farawa daga inda sauran labarai ke ƙarewa. Yaƙi ko annoba ko wani bala'i daga sama ya riga ya share birane, wuta ta ɗauke ba ta dawo ba, hukuma ta watse, kasuwa ta mutu, sai ga wani yaro ko wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar ko sha shida tana neman ruwan da za ta sha da hanyar da za ta bi. Za mu kira su labaran bayan rushewa. Wasu daga cikinmu sun nemi a hana su shiga makaranta, wasu kuma sun nemi a saya a zuba a ɗakunan karatu. Ga abin da muka gano, da shawarar da muka yanke.

Kafin komai, akwai wata damuwa da ta dace a kawar. Iyaye da dama da suka ji an ce "ƙarshen duniya" sun zaci ana wasa da al'amarin tashin alƙiyama. Wannan lamari ne na imani, sanin lokacinsa na Allah ne, kuma waɗannan littattafai ba su da ta cewa a kansa. Abin da suke bayarwa labarin rushewar tsarin zaman mutane ne, irin wanda tarihi ya sha gani, inda wasu suka halaka wasu suka saura. Musulminmu da Kiristanmu duk mun tashi da ƙissar Annabi Nuhu da jirginsa, da ta Annabi Yusuf da ya tanadi hatsin shekara bakwai na yalwa saboda shekara bakwai na fari. Tunanin yadda za a tsira daga bala'i, da abin da ya kamata a ɗauka a fita da shi, tsoho ne a wurin ɗan Adam.

Shi wannan nau'in rubutu a ƙasashen Turai da Amurka ya yi ƙarfi, kuma tsoro ne ya haife shi. Tun a 1826 Mary Shelley ta rubuta The Last Man, labarin annobar da ta bar mutum ɗaya tal a doron ƙasa, amma na manya ne. Sai bayan da aka jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, aka kuma ga yadda Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kai bakin yaƙi kan makamai masu linzami a Kyuba a 1962, marubuta suka fara tambayar kansu: yaran da ake koya wa ɓuya ƙarƙashin teburin aji, me za a gaya musu?

Ɗaya daga cikin amsoshin farko shi ne Z for Zachariah na Robert C. O'Brien, wanda ya fito a 1974, bayan rasuwar marubucin. Matarsa da 'yarsa ne suka kammala shi daga bayanan da ya bari. Wata yarinya ce, Ann Burden, ta saura ita kaɗai a wani kwari da gubar nukiliya ba ta shiga ba. Tana tatsar saniya, tana shuka lambu, tana rubuta abin da ya faru kullum a littafinta. Kwatsam sai ga wani mutum, John Loomis, sanye da rigar da guba ba ta ratsa ta. Ya yi wanka a rafin da ya gurɓata, ya kwanta rai a hannun Allah, ita ta yi jinyarsa har ya miƙe. Da ya sami ƙarfi sai ya nemi ya mallake gonar, ya mallake ta ita ma, har ya kai ga harbinta a ƙafa. A ƙarshe ta sami damar kashe shi, ta ƙi. Ta ɗauki rigar ta bar masa kwarin, ta shiga duniyar da ta ƙone, saboda ta daɗe tana mafarkin wani aji cike da yara suna jiran malama. Burinta tun kafin yaƙin shi ne koyarwa. 'Yan'uwa, ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A Ingila, Robert Swindells ya fitar da Brother in the Land a 1984, labarin wani saurayi da ƙanensa a wani garin arewacin ƙasar bayan faɗuwar bam, inda masu bindiga suka kame abinci suka mai da sauran jama'a bayi. A Jamus kuwa malamar makaranta ce irinmu, Gudrun Pausewang, ta ɗauki alƙalami. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Carnobil a Yukren cikin watan Afrilun 1986, ta rubuta Die Wolke, wato girgije, ya fito a 1987. Ta ɗauko irin wannan hatsari ta sa shi a tsakiyar Jamus, kusa da garin da take koyarwa. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, Janna-Berta, ta gudu a kan keke da ƙanenta, mota ta kashe shi a cikin turmutsutsun masu gudu, ita kuma guba ta zubar mata da gashi. Manya suka yi ta ba ta hular gashi don ta rufe kan, jama'a su huta da ganin abin da ba su son tunawa. A ƙarshen littafin ta cire hula a gaban kakanninta, waɗanda aka ɓoye wa gaskiya, ta fara ba su labari. Littafin ya ci babbar kyautar adabin matasa ta Jamus a 1988 duk da 'yan siyasar da suka yi adawa da shi, kuma shekaru da dama ana karanta shi a azuzuwan ƙasar.

Da yaƙin cacar baka ya lafa, tsoron ya sauya kama. A Life As We Knew It na Susan Beth Pfeffer, na 2006, wani dutse ne ya bugi wata ya matso da shi kusa da ƙasa, teku ta yi ambaliya, duwatsu suka yi aman wuta, toka ta rufe rana, amfanin gona ya mutu. Babu jarumtaka a cikinsa sai ƙirga gwangwanin abinci, da saran itace, da uwar da ke rage cin abinci a ɓoye don 'ya'yanta su samu. A The Hunger Games na Suzanne Collins, na 2008, wanda ɗalibanmu suka fi sani saboda fim ɗinsa na 2012, ƙasa ta riga ta rushe an sake gina ta bisa zalunci, kuma abin da ya rayar da Katniss da iyalinta shi ne farauta da sanin tsirran daji da mahaifinta ya koya mata kafin ya mutu a ramin haƙar kwal.

Littattafai biyu sun fi jan hankalin kwamiti. Na farko The Marrow Thieves na Cherie Dimaline, 'yar asalin ƙabilun farko na Kanada, wanda ya fito a 2017. Bayan lalacewar yanayi, mutane sun daina yin mafarki, sai 'yan asalin ƙasar kaɗai. Don haka ake farautarsu ana tsotse ɓargonsu a wasu gidaje da ake kira makarantu. Marubuciyar ba da wasa ta zaɓi wannan suna ba. A tarihin Kanada an yi makarantun kwana da ake ƙwace 'ya'yan waɗannan ƙabilu daga iyayensu a hana su yin harshensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. A cikin labarin, masu gudun suna da dattijo mai ba su tarihinsu da dare, da wata tsohuwa mai koya wa yara kalmomin harshen kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai rabon guzuri. Na biyu shi ne The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wadda aka haifa a Amurka, iyayenta 'yan Nijeriya. Ya fito a 2007, kuma a ƙasar Nijar ta shekarar 2070 ta kafa shi, bayan wani yaƙi da ya sauya halittar duniya. Jarumar, Ejii, yarinya ce Musulma da ta ratsa Sahara a kan raƙumi. Wannan ya nuna cewa rairayinmu da garuruwanmu ma suna iya ɗaukar irin wannan labari.

To, me ke jan matashi zuwa ga waɗannan littattafai? Mu da muke wuni da su mun san halin shekarun nan. Yaro ya fara jin ƙarfinsa, amma komai sai an ba shi izini. Ana ce masa shi ne manyan gobe, ba a tambayarsa komai yau. Labarin bayan rushewa yana cire manya daga fage, ya bar matashi da shawarar da rai ya rataya a kanta: a raba abinci da baƙo ko a ɓoye, a tsaya ko a tafi, a rama ko a yafe. Mai karatu yana gwada kansa yana zaune lafiya a kan benci. Ban da haka, yaran nan suna jin labarai. Suna jin batun ɗumamar yanayi, sun ga an kulle makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Tsoron yana nan a zukatansu ko mun kawo littafi ko ba mu kawo ba. Littafi mai kyau yana ba tsoron suna da iyaka, ya nuna cewa akwai gobe a bayansa.

Sai dai akwai hujja mai nauyi a ɓangaren masu cewa a hana, kuma ba za mu raina ta ba. Marubutan Turai sun rubuta wa yaran da ke kwana cikin aminci ne, suna tsoratar da su da abin da bai faru ba. Mu kuwa a azuzuwanmu akwai yaran da suka baro ƙauyukansu da tsakar dare, akwai waɗanda suka taso a sansanin gudun hijira. An kwashi ɗalibai daga makarantunsu a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri. Yaron da ya ga gidansu ya nutse, ko ya bi daji ba takalmi, abin da wani ke karantawa don nishaɗi shi tsohon miki ne a wurinsa. Malamin da ya tilasta masa karanta shafin gudu a gaban aji zai iya fama masa ciwo ba tare da ya sani ba.

Hujja ta biyu ta shafi darasin da wasu daga cikin littattafan ke koyarwa. Da yawa, musamman na kasuwa da fina-finan da ke bin su, suna nuna cewa da zarar doka ta faɗi mutum dabba ne, mai bindiga shi ke rayuwa, maƙwabci abokin gaba ne. Tushen wannan ra'ayi a adabin makaranta shi ne Lord of the Flies na William Golding, na 1954, shi ma malamin makaranta ne, inda yaran da jirgi ya zubar a tsibiri suka koma kashe juna. Amma ga abin da ya faru a zahiri. A watan Yunin 1965 wasu ɗalibai shida na wata makarantar kwana a ƙasar Tonga suka ɗauki kwalekwalen masunci, guguwa ta lalata shi, suka yi kwana takwas ruwa na yawo da su, har suka faɗa wani tsibiri da ba kowa mai suna Ata. Wata goma sha biyar suka yi a can. Suka raba aiki bibbiyu, suka yi lambu, suka tara ruwan sama, suka kunna wuta suka hana ta mutuwa fiye da shekara. Safe da yamma suna waƙa da addu'a tare. In an yi faɗa sai a raba masu faɗan har zuciya ta huce. Ɗayansu ya karye a ƙafa, suka yi masa ɗori ya warke. A watan Satumban 1966 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su, dukkansu da rai. Duk malamin da zai koyar da littafin Golding, muna roƙonsa ya ajiye wannan labari a gefensa, ya bar ɗalibai su auna.

Mu ma ba sai mun je Tonga ba. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga farin 1972 zuwa 1974 da na 1984. Waɗanda suka tsira, sani da zumunci ne suka fitar da su. Sun san tafasa da yaɗiya da zogale, sun san goruba da aduwa da magarya da muruci. Sun san cewa 'ya'yan anza ba su ciwuwa sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, kuma ƙwayar ƙarangiya, duk da ƙayarta, tana zama gari. Sun san ajiyar damin gero a rumbu, da aron iri, da tafiya cin rani don rage baki a gida. Wannan shi ne ainihin abin da jaruman littattafan Turawa ke fafutikar koyo bayan komai ya lalace, ga shi kuma yana zaune a zaurukanmu, yana ƙarewa da mutuwar kowane tsoho. Yau sai ka sami ɗalibin aji shida ya haddace sunayen gundumomin ƙasar da Katniss ta fito, bai san ganyen tafasa ba in ya gan shi.

Saboda haka kwamiti bai goyi bayan hani ba, bai kuma goyi bayan a zuba su barkatai ba. Hani ba zai yi aiki ba, tunda wayar da ke aljihun yaro ba ta neman izinin shugaban makaranta; illa dai mu bar shi shi kaɗai da mafi munin samfurin. Ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, malami ya karanta littafi daga farko har ƙarshe kafin ya miƙa shi. Ya tambayi kansa: wahalar da ke ciki tana kai mai karatu ga wata fahimta, ko jini ake zubarwa don burgewa? Jarumin yana da zaɓi tsakanin alheri da sharri, kuma zaɓin yana da tsada? Akwai jama'a a cikin labarin, ko mutum ɗaya ne da makaminsa? Z for Zachariah ya ci wannan jarrabawa, amma akwai wurin da namijin ya kai wa yarinyar hari a ɗakinta, don haka na manyan aji ne, kuma tare da jagorar malami.

Na biyu, a san 'yan ajin. Inda akwai yaran da rikici ko ambaliya ta koro, a sanar da abin da littafin ya ƙunsa tun da wuri, a ba kowa damar zaɓen wani littafi ba tare da an tambaye shi dalili ba, kuma kada a taɓa nuna yaro a ce ya ba aji labarin gudunsu. In shi ya ga dama ya rubuta, a karɓa da mutunci, a riƙe masa sirri.

Na uku, kada a bar wa malamin Turanci shi kaɗai. Malamin kimiyya zai iya ɗaukar babi ɗaya ya nuna yadda ake tace ruwa da yashi da gawayi, da yadda dakakken ƙwayar zogale ke kwantar da laka, da dalilin da ya sa duk da haka sai an tafasa. Malamin lissafi ya sa a auna buhu nawa na gero zai riƙe gida mai mutum goma har kaka. Malamin aikin gona ya yi bayanin adana iri. Malaman addini su tattauna amana da haƙƙin maƙwabci a lokacin ƙunci.

Na huɗu, kowane ɗalibi ya je wurin wani tsoho a gidansu ko unguwarsu, ya gaishe shi, ya nemi ya ba shi labarin shekarar yunwa ko fari da ya gani: me aka ci, wa ya taimaki wa, me aka sayar, me aka ƙi sayarwa. A rubuta da Hausa, a tara, a ɗinke, a ajiye a ɗakin karatun makaranta. Wannan aiki ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Na biyar, mu rubuta namu. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma malaman makaranta na cikin waɗanda suka amsa kiran. Shi kansa Shaihu Umar labarin yaro ne da aka raba da duk abin da ya sani, ya ratsa hamada, ilimi ya zame masa mafaka. A 1969 Umaru Dembo ya kai wani yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ƙofar a buɗe take tun tuni. Muna ba da shawarar reshe ya sa gasar gajeren labari tsakanin malamai da ɗalibai, a kan gari irin namu bayan wani babban bala'i, da yadda mutanensa suka sake tashi.

Na shida ya shafi aikinmu na ƙungiya kai tsaye. Ba a zaɓen littafi a makarantar da ɗakin karatunta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Muna neman shugabannin reshe su sa gyaran ɗakunan karatu, da sa'ar karatu ɗaya a mako cikin jadawali, a jerin buƙatun da ake kai wa hukumomin ilimi, kusa da batun albashi da ƙarin girma, domin su ma suna cikin yanayin aikinmu.

Mun ce za mu dawo kan Ann Burden. A cikin littattafan da muka duba, da zarar waɗanda suka tsira sun sami ruwa da abin kai wa baka, abu na gaba da suke nema shi ne wanda zai tara yara ya miƙa musu abin da aka sani, ko malama ce da allo, ko tsohuwa da kalmomin harshenta. Haka muka gani a sansanonin gudun hijira na ƙasar nan, inda 'yan'uwanmu malamai, su ma 'yan gudun hijira, suka kafa aji a ƙarƙashin bishiya da tamfol. Marubutan da suka zauna suka rushe duniya a kan takarda, suka tantance abin da ba a iya rayuwa sai da shi, sun sa sana'armu a cikin jerin. Ya kamata mu da iyalanmu mu san haka, musamman a watannin da albashi ya makara.

Kwamiti ya miƙa waɗannan shawarwari shida ga zauren taro don muhawara da amincewa. Allah ya tsare mana ɗalibanmu da makarantunmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.